Tarihin Tallafin Kula Da Tsofaffi A Gidajensu A Ostiraliya

Tallafin kula da tsofaffi a gida kuɗi ne da gwamnatin tarayyar Ostiraliya ke fitarwa domin dattijo ya ci gaba da zama a gidansa, ma'aikata suna zuwa suna yi masa abin da ƙarfinsa ya kasa, kamar wanka, girki, shara, wanke ciwo da kai shi ganin likita. Ana ba wanda ya kai shekara 65, amma 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, suna shiga tun daga shekara 50.

Farkon lamari

Da fari, kuɗin gwamnati gini ya nufa. Dokar 1954 ta tanadi cewa duk fam ɗin da coci ko ƙungiyar jinƙai ta tara don gina gidan tsofaffi, gwamnati za ta ɗora mata wani fam. A 1963 aka fara biyan gidajen jinya kuɗi a kan kowane mai kwanciya, sai gadaje suka yawaita, 'yan kasuwa ma suka shigo. Wanda ya zauna a gidansa kuwa ɗan kaɗan yake samu. Akwai tallafin malaman jinya masu bi gida-gida daga 1956, sai na masu kai dafaffen abinci ƙofar tsoho daga 1970.

Sauyin 1985

A 1982 wani kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Leo McLeay ya nuna cewa ana kwantar da tsofaffi da yawa a gidajen jinya alhali ɗan taimako kawai suke bukata. Gwamnatin Bob Hawke ta kafa shirin kula da mutane a gida da cikin al'umma, wato HACC, a 1985, tarayya da jihohi suna haɗa kuɗi suna ba ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi su yi hidimar. A 1992 aka fito da tsarin ƙunshi, inda ake haɗa hidimomi da dama wuri ɗaya bisa bukatar mutum guda. Dokar kula da tsofaffi ta 1997 ta tattara gidajen jinya da tsarin ƙunshi a inuwa ɗaya.

Kuɗi ya koma hannun mai shi

Gwamnatin Julia Gillard ta sanar da garambawul a 2012. Shekara guda bayan haka aka raba ƙunshin hawa huɗu, aka kuma buɗe My Aged Care, ƙofa ɗaya da kowa zai fara ƙwanƙwasawa kafin a turo jami'an tantancewa su duba lafiyarsa da yanayin gidansa. Daga Fabrairun 2017 ƙunshin ya daina zama na ƙungiya, ya zama na dattijon. Idan hidimar ba ta yi masa ba, yana iya komawa wani kamfani da ragowar kuɗinsa.

Sai dai a lokacin adadin ƙunshin ƙayyadadde ne, layin jira kuma ya yi tsawo. Wata hukumar bincike kan kula da tsofaffi da aka kafa a 2018 ta bayyana cewa sama da mutum 16,000 sun rasu a shekarar kuɗi ta 2017 zuwa 2018 suna jiran tallafin da aka riga aka amince musu. Rahotonta na ƙarshe ya fito a Maris 2021 da shawarwari 148, gwamnati kuma ta ƙara ƙunshi 80,000 a kasafin wannan shekarar.

Tsarin yanzu

Sabuwar doka ta 2024 ta haifar da shirin Support at Home, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2025. Hawa takwas gare shi, mafi girma ya kai kusan dalar Ostiraliya 78,000 a shekara lokacin da aka fara shi, ana sakin kuɗin duk wata uku. An kasa hidima gida uku. Abin da ya shafi jinya gwamnati ce ke biya gaba ɗaya. Taimakon da ke sa mutum ya tsaya da ƙafarsa, kamar rakiya da sufuri, dattijo yana biyan kashi 5 zuwa 50 cikin ɗari. Aikin yau da kullum irin su shara da gyaran lambu kuwa yana biyan kashi 17.5 zuwa 80, gwargwadon fanshonsa da dukiyarsa. An yi wa waɗanda suke cikin tsohon tsari kafin 12 ga Satumba 2024 alkawarin ba za su biya fiye da abin da suka saba ba.