Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa wata irin tafiyar hutu ce da fasinja yake kwana, ya ci, ya sha a cikin babban jirgin ruwa, jirgin kuma yana yada zango a tashoshi daban-daban domin matafiya su sauka su ga gari su dawo. Bambancinsa da sauran tafiye-tafiyen ruwa shi ne ba isa wani wuri ba ne manufarsa, domin galibi jirgin yakan koma tashar da ya taso. Tafiyar takan ɗauki kwana 3 zuwa 14, akwai kuma ta zagaya duniya da ke wuce kwana 100. A Turanci ana kiranta cruise, kalmar da ta samo asali daga kruisen ta harshen mutanen Holan, wato ƙetarawa. Yawancin matsalolin da sabon matafiyi ke fuskanta suna tasowa ne daga abubuwa uku: takardun tafiya, lokacin tashin jirgi, da kuɗaɗen da ba sa cikin tikiti.

Tarihi

Kamfanin P&O na Ingila ya fara sayar da tikitin yawon buɗe ido daga Southampton zuwa tashoshin Bahar Rum a shekarar 1844. A Jamus, Albert Ballin na kamfanin HAPAG ya tura jirgin Augusta Victoria yawon Bahar Rum a 1891, saboda fasinjoji sukan yi ƙaranci a hanyar Atilantika lokacin hunturu. Kamfanin ne kuma ya mallaki Prinzessin Victoria Luise, jirgi na farko da aka ƙera musamman domin wannan harka, wanda aka kammala a 1900.

Daga 1958, da jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetara Atilantika cikin 'yan sa'o'i, kasuwar jiragen ruwan fasinja ta faɗi, sai kamfanoni suka karkata ga yawon hutu. A wannan zamani ne aka kafa Norwegian a 1966, Royal Caribbean a 1968, da Carnival a 1972. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 ya kai kimanin mita 365 a tsawo, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600.

Hanyoyi da lokutansu

Kowane yanki yana da lokacinsa. Jiragen Karibiyan sun fi tashi daga Mayami da sauran tashoshin jihar Fulorida, suna aiki duk shekara, amma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a Atilantika. Tikiti yakan yi sauƙi a waɗannan watanni, sai dai kyaftin yana da ikon sauya hanya ko tsallake wata tasha. Ana zagaya Bahar Rum ne galibi daga Afrilu zuwa Oktoba, Alaska daga Mayu zuwa Satumba, Tekun Fasha kuwa a watannin sanyi.

A Afirka, kamfanin MSC yana tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik a lokacin zafin ƙasar, wato wajen Nuwamba zuwa Afrilu. A Masar akwai ƙananan jiragen Kogin Nilu da ke kai-komo tsakanin Luksor da Aswan cikin kwana 3 ko 4.

Takardun tafiya

Ƙasashe da kamfanoni da yawa suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa. Batun biza shi ne ya fi wahalar da masu fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru, domin jirgi ɗaya yakan taɓa ƙasashe huɗu ko biyar a mako guda. Wanda zai hau a Mayami sai da bizar Amurka, wanda zai hau a Barsalona ko Italiya kuma sai da bizar Shengen. Idan jirgin zai fita daga yankin Shengen ya sake shiga, bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatarwa. Kamfani yana iya hana mutum hawa tun a tashar farko idan ba shi da bizar wata ƙasa da ke kan hanya, ko da ya ce ba zai sauka a can ba, kuma a irin wannan hali ba a cika mayar da kuɗi ba. Saboda haka ake shawartar matafiyi ya bincika bizar kowace tasha kafin ya biya tikiti. Masu zuwa daga ƙasashen da ke da cutar shawara ana iya tambayarsu katin rigakafi.

Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 a lokacin tafiyar, haka ma jaririn da bai kai wata 6 ba.

Zaɓen ɗaki

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Na ciki ya fi araha. Wurin da ɗakin yake ya fi girmansa tasiri: ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi kwanciyar hankali idan teku ta yi tashi, na goshi da na can sama kuma sun fi girgiza. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya, ɗakin cin abinci ko dandalin kiɗa yakan sha hayaniya, don haka duba taswirar hawa-hawan jirgi kafin zaɓe yana da amfani.

Kuɗaɗen da ba sa cikin tikiti

Tikiti yakan haɗa da ɗaki, abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin nishaɗi. Lemon kwalba, intanet, wanki, hotuna, gidajen abinci na musamman da yawon da kamfani ke shiryawa a kan tudu duk biyansu daban. Kamfanonin Amurka da dama suna ɗora tukwicin ma'aikata a kan kowane fasinja, kimanin dala 15 zuwa 20 a rana, wanda ga iyali mai mutum huɗu a mako guda ya haura dala 400. Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. Ana ba fasinja kati ɗaya da ke zama mabuɗin ɗaki, shaidar shiga da fita, da kuma asusun bashi, sai a ƙarshen tafiya a cire jimillar. Duba asusun kullum yana hana jin mamaki ranar sauka.

A tsakiyar teku waya tana kama layin jirgin ne ta tauraron ɗan Adam, kuma kuɗinsa yana da tsada ƙwarai. Matafiya sukan kashe data su dogara da intanet ɗin jirgi ko na gari.

Ranar hawa da zango

Jirgi ba ya jiran wanda ya makara, shi ya sa ake son mai zuwa ta jirgin sama ya isa garin tashar aƙalla kwana ɗaya kafin tashi. Manyan akwatuna ana miƙa su ne a tasha, kuma sukan yi sa'o'i kafin su iso ɗaki, don haka fasfo, magani da kayan sauyawa sai su kasance a jakar hannu. Ana hana shiga da dutsen guga, butar lantarki da kyandir saboda tsoron gobara.

A kowane zango ana sanar da lokacin da kowa zai dawo, galibi minti 30 kafin tashi. Ana bin agogon jirgi ne, wanda wani lokaci yakan bambanta da na garin da awa guda, alhali wayar hannu tana sauya kanta zuwa lokacin gari. Idan motar yawon da kamfani ya shirya ta makara, jirgi yakan jira ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai fasinjojin tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa ya makara kuwa, shi zai biya kuɗin cim ma jirgin.

Lafiya

Jiri da tashin zuciya suna faruwa ne idan abin da ido ke gani ya saɓa da motsin da kunnen ciki ke ji. Fita sarari a kalli inda sama ta haɗu da ruwa yana taimakawa, wasu kuma suna amfani da citta ko maganin da likita ya rubuta. Cutar amai da gudawa ta norobairos tana saurin yaɗuwa a inda mutane suka cunkushe, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man tsaftace hannu tasiri a kanta. A Fabrairun 2020 an killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan, inda sama da mutum 700 cikin 3,711 suka kamu da korona.

Akwai asibiti a manyan jirage, amma ganin likita da kuɗi ne. Inshorar da ta dace ita ce wadda ta haɗa da jinya a ƙasar waje da kwaso marar lafiya daga teku.

Tsaro

Yarjejeniyar SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, ita ce ke tsara kariyar rayuka a teku. Bayan da Costa Concordia ya yi karo da dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka: daga 2015 dole a yi atisayen ceto kafin tashi ko da zarar an tashi. Halartarsa wajibi ne ga kowane fasinja, domin a nan ake sanin wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto. Alamar gaggawa ita ce busa gajera sau bakwai da doguwa ɗaya.

Ibada da abinci

Mai buƙatar abincin halal yakan sanar da kamfani makonni kafin tafiya, domin ana loda kayan abinci ne tun daga tasha. Inda babu, akwai kifi da kayan lambu. Alƙibla tana sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, kuma talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgin yake da inda ya dosa. Kamfanin Aroya na Saudiyya, da ya fara tashi daga Jidda a Bahar Maliya a Disambar 2024, yana ba da abincin halal kuma ya tanadi wuraren sallah.