Yadda ake ɗaura kan allura da daidaita hannun na'urar faifan garmaho

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a a kudancin jihar Kaduna, ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun daga shekarar 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos. A irin waɗannan garuruwa na ma'aikata da 'yan kasuwa ne garmaho ya samu shiga da wuri, kuma har yau akan tarar da fayafayen mawaƙa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a akwatunan iyaye da kakanni. Yawancinsu an daina buga su. Duk wanda ke son saurarensu, ko naɗe su a kwamfuta don adanawa, sai ya fara da saitin allura, domin allurar da ta karkace tana cin tsagin faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Sassan da ake magana a kai

Allura ita ce ɗan ƙaramin tsinin lu'ulu'u da ke bin tsagin faifai. Tana maƙale da kan allura, wato ɗan akwatin da ke mayar da girgizarta zuwa lantarki. Kan allurar kuma yana ɗaure a bakin hannu, sandar da ke juyawa a kan gindinta daga gefen faifai zuwa tsakiya. A tsakiyar farantin da ke juya faifai akwai ƙusar da ke shiga ramin faifan, kuma daga tsakiyarta ake auna kusan komai.

Hanyoyin ɗaurawa biyu

Hanyar da ta fi yawa ita ce ta rabin inci. Kan allurar yana da ramuka biyu da ke da tazarar milimita 12.7 a tsakaninsu, ana kuma ɗaure shi da ƙananan sukurori masu kaurin milimita 2.5. Ramukan da ke jikin mariƙin hannun dogaye ne, don a iya tura kan gaba ko baya, a kuma ɗan murɗa shi. Wayoyi huɗu ne ke shiga bayansa: fara da shuɗiya na ɓangaren hagu, ja da koriya na ɓangaren dama.

Hanya ta biyu ita ce T4P, wadda aka fi sani da P-mount, da kamfanin Technics na Japan ya yaɗa a farkon shekarun 1980. A nan cusa kan ake yi a bakin hannu, a ɗaure da sukuru ɗaya ta gefe. An ƙayyade nauyinsa a giram 6, nauyin dannawarsa kuma giram 1.25, saboda haka babu wani saitin da ya rage wa mai amfani. Kafin a sayi sabon kai, a duba wace iri ce a jikin na'urar.

Dalilin da ya sa ake buƙatar saiti

Injin da ke yanka tsagi a kamfanin faifai a miƙe yake tafiya daga gefe zuwa tsakiya. Hannun na'urar gida kuwa lanƙwasa yake yi kamar baka, tunda a gindi ɗaya yake juyawa. Don haka allura ba za ta iya fuskantar tsagi daidai a ko'ina ba, sai a wurare biyu kacal. Aikin mai saiti shi ne zaɓen inda wuraren biyu za su faɗa, ta yadda karkatar da ta rage za ta zama kaɗan.

Matsalar ta fi tsanani kusa da tsakiya. A babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, tsagin gefe yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 51 a daƙiƙa, na ciki kuwa kusan santimita 21 kawai. Sautin ya fi cunkushewa a ciki, shi ya sa waƙar ƙarshe ce ke fara dishewa idan saiti ya ɓaci.

Awo uku ne ke gyara wannan: nisan gindin hannu daga ƙusar tsakiya, yawan milimitar da allura ke wuce ƙusar idan aka kawo hannun kanta, da kuma kusurwar da kan allura ya karkata zuwa ciki. A na'urar Technics SL-1200, wadda masu kiɗan biki suka sani sosai, nisan gindi milimita 215 ne, allura na wuce ƙusa da milimita 15, tsawon hannu ya kama 230, kusurwar kuma digiri 22. Kamfanin ya sauƙaƙa aikin da ɗan ma'aunin roba mai nuna milimita 52 daga ƙarshen mariƙi zuwa tsinin allura. Kowace na'ura da nata alƙaluman, kada a ɗauki na wata a ɗora wa wata.

Tsare-tsaren lissafi uku

Erik Löfgren na Suwidin ne ya fitar da lissafin a 1938, H. G. Baerwald ya sake bayyana shi a 1941. Tsarin da ke ɗauke da sunan Baerwald yana ajiye wuraren biyu a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya, yana raba karkatar daidai a faɗin faifai. Tsari na biyu na Löfgren yana ajiye su a 70.3 da 116.6, wanda ya fi kyau a tsakiyar faifai amma ya fi rauni a ƙarshensa. Na J. K. Stevenson na 1966 ya kai na ciki har milimita 60.3, na waje kuma 117.4, don kare waƙar ƙarshe.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai tarin ƙananan fayafaye masu juyi 45. Daga tsakiya zuwa gefensu bai kai milimita 90 ba, ke nan dukkan waƙar tana cikin yankin da ya fi wahala. Ga irin wannan tari, tsarin Stevenson ya fi dacewa. Ga manyan fayafaye, na Baerwald ya wadatar.

Matakan aiki

Da farko a ajiye na'urar a kan teburin da ba ya girgiɗi, a tabbatar ba ta karkata ba, sannan a cire ta daga wuta. A ɗaura kan allura, a bar sukurorin da ɗan sauƙi. A murɗa ƙarfen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska ba tare da ya faɗi ko ya ɗaga ba, a mayar da lambar zuwa sifili, sannan a ƙara nauyin da kamfanin ya rubuta. Yawancin na gida tsakanin giram 1.5 ne zuwa 2.5.

Daga nan sai takardar saiti, mai rami na ƙusa da ɗigo biyu kewaye da layuka. Idan a shagon kwamfuta aka buga ta, a auna da rula, domin injin bugawa yakan rage girman shafi. A sauke allura a kan ɗigon waje, a duba ko jikin kan ya yi daidai da layukan, sannan a koma ɗigon ciki. A riƙa turawa ana murɗawa har dukkan biyun su zauna, sannan a ɗaure sukurorin ba tare da an matse su ainun ba.

Saura abubuwa uku. A duba daga gaba, allura ta tsaya tsaye, kada ta jingina hagu ko dama. A duba daga gefe, hannu ya kwanta daidai da faifai. A ƙarshe a saita maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki a lamba ɗaya da nauyin dannawa.

Abubuwan kiyayewa

Ɗora kwabo a kan hannu don hana allura tsalle tsohuwar al'ada ce mai kashe faifai, domin nauyinsa ya ninka abin da allurar ke buƙata. Tsalle alama ce ta datti, ko lanƙwasar faifai, ko saitin da ya ɓaci.

Tsofaffin fayafaye masu juyi 78 suna da faffaɗan tsagi, suna buƙatar allurar da ta kusan ninka ta zamani kauri sau huɗu. Ba a goge su da sifirit, domin yana narkar da su. Haka kuma ba a ɗora faifan roba a kan garmahon wani mai allurar ƙarfe.

Yanayin kudancin Kaduna ma yana da nasa tasiri. Damina mai tsawo tana kawo fumfuna a cikin jakar faifai, hunturu kuma ya kawo ƙurar da ke toshe tsagi. A jera fayafaye a tsaye, nesa da rana da bango mai danshi, a goge kowanne kafin a sa. Wanda ya sayi na'urar gwanjo kuma ya canza allurarta tun kafin ya ɗora mata faifan da ba shi da na biyu.