Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa: Daga Dandalin Katsina Zuwa Zauren Jami'a

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da wasan kwaikwayo mai waƙa shi ne wasan da labarinsa ke tafiya bisa abubuwa uku, watau magana da waƙa da rawa, ta yadda in an zare ɗaya daga cikinsu labarin zai gurgunce. A Amurka, inda wasanni irin su Show Boat na 1927 da Oklahoma! na 1943 suka kafa wa wannan salo harsashi, sai a ƙarshen shekarun 1960 ne Jami'ar Cincinnati ta fara ba da digiri na musamman a kansa. A wannan maƙala za a bi tarihin al'amarin ne ta fuskar Katsina, don a nuna cewa ƙasar ta daɗe da irin nata wasan, amma da ya iso hannun masu ilmin zamani sai aka kasa shi kashi uku, kowane kashi ya faɗa hannun masana dabam, har ya zama jami'a ta fi yaye masu nazarinsa a kan masu aiwatar da shi.

2.0 Wasannin Gargajiya

Wanda duk ya tashi a birnin Katsina ya san tashe, wanda yara da matasa ke farawa bayan azumi ya kwana goma. A wasan Tsoho da Gemu, alal misali, yaro ne zai manna gemun auduga, ya ranƙwafa bisa sanda yana tafiyar tsofaffi, yana ba da waƙa 'yan'uwansa na amshi. A Jatau Mai Magani kuwa, mai wasan zai yi shigar mai tallar magunguna, ya riƙa lissafa su cikin waƙa. A duka biyun babu wani zance da aka ware daga waƙar. Waƙar ita ce zancen, kuma ita ke ɗauke da gargaɗi ko zambo.

Haka abin yake a wasan gauta, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, da wasan 'yan kama masu kwaikwayon wa'azin malamai a kan abinci, da kuma bori, inda kowane iska yake da nasa taken da tufafinsa da irin motsinsa, ba ya kuwa sauka sai an kaɗa masa garaya ko an goga masa goge. Dukkan waɗannan suna da hanyar koyo, amma ta gado ce da bin ubangida: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma ɗan amshi, in Allah ya nufe shi ya zama jagora.

3.0 Zuwan Makarantar Boko

Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta yaye jagororin rubutaccen adabin Hausa na boko na farko, ciki har da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. A cikin shekarun 1930 ɗin ne kuma R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays don amfanin makarantu. Daga baya aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi.

Abin lura a nan shi ne, wasan da makaranta ta kawo na magana ne zalla, an tsara shi kashi-kashi da fita-fita bisa tsarin Turawa. Dalilai biyu suka sa aka bar waƙa a baya. Na farko, takarda tana ɗaukar kalma, amma ba ta ɗaukar sautin kalangu. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne matsayin makaɗi a cikin al'umma. Kiɗa da roƙo sana'o'in gado ne da ake ajiyewa a ƙasan tsani, alhali yawancin ɗaliban farko 'ya'yan sarauta ne da na malamai, waɗanda ba a tsammanin ganinsu rataye da ganga.

A ƙasar Yarbawa abin ya sha bamban. Hubert Ogunde ya fara wasanninsa na waƙe a 1944, kuma da Jami'ar Ibadan ta kafa makarantar wasan kwaikwayo a farkon shekarun 1960, sai ta jawo Kola Ogunmola da ƙungiyarsa, suka shirya The Palm-Wine Drinkard cikin waƙa da kiɗan Yarbanci a 1963. A can, mai sana'ar da kansa ya shiga jami'a ya yi aikinsa.

4.0 Yadda Aka Kasa Fannin

Kashi na farko, watau kiɗa, ya faɗa hannun masanan kiɗan al'ummu, kuma a Katsina aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukansu. A zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, Anthony King ya nazarci kirarin bori na Katsina, ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan kiɗan fadar Katsina a 1969. A 1971 shi da David Ames suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ayyuka ne masu daraja ƙwarai, sai dai da Ingilishi aka yi su, domin masu karatu na waje.

Kashi na biyu, watau matanin waƙa, ya zama rabon sassan nazarin Hausa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a 1975 a kan Mamman Shata, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina. Daga nan nazarin waƙar baka ya bunƙasa a Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake juyar da waƙa daga kaset zuwa takarda a feɗe jigonta da salonta. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Wannan karramawa ce babba, amma ta nuna inda gizo ke saƙar: jami'a ta amince makaɗi abin nazari ne, abin girmamawa kuma, ba ta dai kai ga ɗaukar sana'arsa a matsayin darasin da ɗalibi zai koya da hannunsa da muryarsa ba.

Kashi na uku, watau aiwatarwa bisa dandamali, ya sami gurbi a Zariya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Ingilishi na jami'ar, aka gina ɗakin wasa na ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Ɗaliban sun riƙa fita ƙauyuka suna shirya wasannin wayar da kai da manoma, har aka yi ɗaya a Maska, wadda yanzu take cikin Jihar Katsina. A wannan zamani ne kuma Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979. A nan aka fi kusantar haɗa sassan uku, amma waƙa ta kasance mai hidima ce ga saƙon wayar da kai, ba a horar da kowa a kanta don kanta ba.

5.0 Abin Da Ya Biyo Baya

Gurbin da jami'a ta bari kasuwa ce ta cike shi. Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990, sun mayar da waƙa da rawa jigon kasuwarsu, musamman bayan fitowar Sangaya. Da yake masu shirya su sun tashi ne da kallon finafinan Indiya, can suka ɗauko samfuri, fiyano ya maye gurbin kalangu da garaya. Muhawarar da ta biyo baya a kan tarbiyya ta kai ga kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001. An yi ta sukar waɗannan matasa da aron al'adun wasu, amma ba kasafai ake tambayar wace makaranta ce ta taɓa koya musu yadda tashe ke saƙa labari cikin amshi ba.

6.0 Kammalawa

An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, yau kuma birnin yana da Jami'ar Al-Qalam da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga ta tarayya a Dutsin-ma. Tarihin da aka bayyana a sama yana nuna sharuɗɗa uku ga duk sashen da zai ɗauki wannan fanni da gaske. Ɗalibi ya koyi karin murya da kiɗa da rawa a aikace tare da nazarin matani, domin a harshe mai karin sauti kamar Hausa waƙar da ta saɓa wa hawa da saukar murya tana iya sauya ma'ana. A shigo da makaɗan gado cikin aji a matsayin malamai masu albashi. A kuma mayar da ayyukan King da makamantansu cikin Hausa, don jikokin waɗanda aka naɗi muryoyinsu su iya karantawa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge ta bi shi a 2013, kuma duk makaɗin gado da ya kwanta dama yana tafiya da abin da kaset bai kama ba. Lokacin ɗaukar wannan ilmi daga bakin masu shi yana ƙurewa.