Abdulƙadir ɗan Tafa: karatunsa da ra'ayinsa a kan koyar da falsafa

A Nijar, ɗalibin da ya taso daga Matamai ko Kance ba ya gamuwa da falsafa sai a lise, cikin faransanci, da sunan filo. Shi ya sa da yawa suke zaton lakkwal ce ta kawo wannan fanni ƙasar Hausa. Alhali kuwa kalmar falsafa daga girkanci ta shiga larabci, kuma malamanmu sun san ta tun kafin zuwan Turawa. A wannan ƴar ƙasida za mu duba ɗaya daga cikinsu.

An haifi Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da ɗan Tafa, a 1804, shekarar hijirar Shehu Usumanu. Mahaifiyarsa Hadiza ɗiyar Shehu ce, kuma malama ce. Ya yi karatu wurin mahaifinsa Malam Tafa, sufanci kuwa wurin kawunsa Muhammadu Sambo. Daga baya ya gaji makarantar mahaifinsa a Salame, kusa da Sakkwato. Ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasar Hausa, da Futuhatur Rabbaniyya inda ya auna ra'ayoyin masu bayanin halitta da ɗabi'a kaɗai. Bajamushen nan Barth, da ya sadu da shi a 1853, ya ɗauke shi mafi ilimin mutanen Sakkwato na zamanin. Ya rasu a 1864.

Ra'ayinsa a kan koyarwa ya fito a littafinsa Al'uhud wal Mawasiƙ, watau alkawuran da ya ɗaukar wa kansa. A ciki ya nuna ya karanci falsafa, ya tace ta, ya zubar da kurakuranta. Duk da haka ya yi alkawarin gina imaninsa bisa ayoyin Alƙur'ani, ba bisa hujjar hankali ba, kuma ba zai kira jama'a zuwa wannan ilimi ba, don kada wani ya ɓata.

Ke nan ɗan Tafa da gangan ya tsare ƙofa, don tsoron fitina. Lakkwal ta ce ta buɗe ta, amma harshen koyarwa ya bar mafi yawan jama'a a waje. A ganinmu, aikin da ke gaban sashen falsafa da na kimiyyar harshe shi ne fassara littattafan nan zuwa hausa, da daidaita kalmomin da za a koyar da su.