Elminia longicauda

Elminia longicauda ƙaramin tsuntsu ne mai cin ƙwari, daga dangin Stenostiridae. Masanin halittu ɗan Ingila William Swainson ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1838. Ana samunsa daga Senegal da Gambiya, ta Ghana da Najeriya, har yammacin Kenya da Angola.

Tsawonsa kusan santimita 14 ne, kuma wutsiya ta ci kaso mai yawa a ciki. Jikinsa shuɗi ne mai haske, cikinsa fari-fari, yana da ɗan tukku a ka. Ba ya zama wuri ɗaya. Kullum yana tsalle daga reshe zuwa reshe, fikafikai a sake, yana buɗe wutsiya kamar mafici yana juyi, ya cafke ƙwaron da ya tashi daga ganye. Da wannan rawa ake saurin gane shi, domin kukansa siriri ne, ba kowane kunne ke kama shi ba. Sheƙarsa 'yar ƙarama ce mai zurfi, yana ɗaure ta a reshe da yanar gizo-gizo.

A arewacin Ghana tsuntsun kurmin bakin ruwa ne. Saboda haka a busasshiyar ƙasa irin ta Tempane da Bawku, inda gonakin gero da dawa suka mamaye fili, nemansa a sarari wahala ce kawai. Sai inda manyan itatuwa suka yi duhuwa a gaɓar rafi. Masu kallon tsuntsaye sun fi dacewa da shi a gandun dajin Mole, kusa da Damongo, wanda ke da nau'in tsuntsaye sama da 300. Da sassafe aka fi ganinsa.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa ba.