Tarihin Nazarin Littafin Karin Magana da Neman Asalinsa

A cikin Tsohon Alkawari akwai rukunin littattafai da malamai suke kira na hikima da waƙa, waɗanda suka haɗa da Zabura, Ayuba, Karin Magana, Mai Hadishi da Waƙar Waƙoƙi. Abin da ake nufi da hikima a nan shi ne sanin zaman duniya, wato yadda mutum zai riƙe harshensa da dukiyarsa, ya kuma zauna lafiya da maƙwabcinsa cikin tsoron Allah. Tun a ƙarni na 10 Miladiyya malaman Yahudawa na Tabariya, waɗanda suka sa wa nassin Ibrananci wasula da alamomin karatu, sun keɓe Zabura da Ayuba da Karin Magana da alamomin rerawa na dabam, abin da ke nuna cewa sun san salon waɗannan littattafai uku ya bambanta da na sauran. Sai dai a tsawon ƙarnoni masu tafsiri sun tsaya ne a kan jingina Zabura ga Dawuda da Karin Magana ga Sulemanu, suka mai da hankali ga darasin da ke cikin nassi fiye da yadda aka gina shi.

Wanda ya juya akalar nazarin zuwa ga ginin nassin shi ne Robert Lowth, shehin malamin waƙa a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda aka buga laccocinsa kan waƙar Ibraniyawa da harshen Latin a shekarar 1753. Lowth ya nuna cewa wannan waƙa ba ta dogara ga amsa-amo ba, kamar yadda rubutacciyar waƙar Hausa ko ta Larabci take dogara, ginshiƙinta shi ne abin da za a iya kira tagwaicin ɗango, wato baiti ya zo da ɗango biyu, na biyun yana amsa wa na farkon ta fuskar ma'ana. Ya kasa wannan tagwaici gida uku: inda ɗango na biyu yake maimaita ma'anar na farko da wasu kalmomi, inda yake kawo kishiyarta, da inda yake ɗora wani abu a kanta. Kashi na biyu ne ya fi yawa a surori na 10 zuwa 15 na Karin Magana, inda ake jera adali da mugu, ko mai ƙwazo da malalaci, kafaɗa da kafaɗa. A shekarar 1981 James Kugel ya soki wannan rabo, yana mai cewa ɗango na biyu kusan kullum ƙari yake yi a kan na farko ko da ya yi kama da maimaici, amma duk da haka har yau daga Lowth ake fara karatun fannin.

Bayan sanin siga, sai tambayar asali ta taso, amsa mafi girgiza zukata kuma daga Masar ta fito. A shekarar 1888 Wallis Budge ya samo wa gidan adana kayan tarihi na Birtaniya wata tsohuwar takardar gargajiya ta Masar mai ɗauke da nasihohin wani magatakarda mai suna Amenemope ga ɗansa, aka buga ta a 1923, shekara guda bayan haka kuma Bajamushe Adolf Erman ya nuna cewa tana da dangantaka ta kusa da sashen Karin Magana da ya faro daga sura ta 22 aya ta 17. Nassoshin biyu sun hana ƙwace wa matalauci, sun hana gusar da dutsen iyakar gona, sun yi kashedi game da abota da mai zafin rai, sun kuma koyar da ladabin cin abinci a gaban mai mulki. Dukansu sun kamanta dukiya da abu mai fukafukai, sai dai a nassin Masar kamar dinya take tashi, a na Ibrananci kuwa kamar gaggafa. Har ma wata kalma a sura ta 22 aya ta 20, wadda ta daɗe tana wahalar da masu fassara, ta warware da aka karanta ta da ma'anar talatin, domin littafin Amenemope babi talatin ne. Akwai waɗanda suka ce Bamasaren ne ya ɗauko daga wani tushe na Ibraniyawa, amma mafi yawan masana sun tafi a kan cewa nasa ne ya riga, kuma marubucin Ibraniyawa ya zaɓa ne ya tace, ya mai da Ubangijin Isra'ila mai tsaya wa matalauci.

Wannan bincike ya ƙarfafa ra'ayin cewa hikimar Isra'ila 'yar fada ce, an raine ta a makarantun horar da magatakarda irin na Masar, musamman da yake farkon sura ta 25 ya ambaci mutanen Sarki Hezekiya a matsayin waɗanda suka kwafe wasu karin maganar, kuma Gerhard von Rad na cikin fitattun da suka riƙi wannan fahimta. Claus Westermann a 1990 da Friedemann Golka a 1993 suka ƙalubalance ta da hujja daga Afirka, inda suka nuna cewa al'ummomin da ba su da makarantun magatakarda suna da karin magana kan sarki da fada, da rago da mai himma, masu kama da na Ibraniyawa ƙwarai, saboda haka ambaton sarki bai isa shaidar cewa a fada aka haifi magana ba. A ganinsu gajerun maganganun sun fito ne daga bakin manoma da makiyaya, magatakarda kuwa tattarawa da tsarawa suka yi.

Ana iya ganin kamannin wannan saɓani har a sunan littafin da Hausa. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta kira shi Misalai, kalmar da tushenta na Larabci ɗan'uwa ne ga sunan littafin a Ibrananci, fassarorin baya kuma suka koma kiransa Karin Magana. Suna na farko ya fi dacewa da dogayen nasihohin uba ga ɗa na surori na 1 zuwa 9, waɗanda aikin alƙalami ne, na biyu kuma ya fi dacewa da gajerun maganganun tsakiyar littafin, waɗanda Westermann da Golka suke ganin an daɗe ana faɗa kafin a rubuta su.