Tarihin Facin Ƙwauri da Tsoka

'Yan uwa, a Kafanchan mun sha ganin ɗan acaɓa ya faɗi, ƙashin ƙwauri ya fito fili. Fatar wurin siririya ce, babu nama a ƙarƙashinta, shi ya sa ciwon ke saurin ruɓewa. A da, yawanci sai dai a yanke ƙafar.

A 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, likita Stark ya bayyana yadda ake cusa tsoka mai jini cikin ƙashin da ya ruɓe. A 1966, Ralph Ger na Afirka ta Kudu ya nuna ana iya juyo tsokar sha-raɓa, ba a yanke jijiyar jininta ba, a lulluɓe ƙashin, a shimfiɗa fata a kai. Jinin ne ke kai magani ya kashe ƙwayoyin cuta. A 1986 kuma, Marko Godina ya gano cewa rufe raunin cikin awa 72 ya fi nasara.

Don haka idan ƙashi ya ɓullo, kada mu tsaya wurin mai ɗori. Mu garzaya asibiti, a tura mu Jos, Shika ko Dala. Allah Ya tsare mu.